Buzuzun da Ya Sa Ikrima Shara

Abin da ya sami Ikrima ranar Talata, ko maƙiyinka ba ka so ya same shi a gaban mutane. Yana cikin keke daga Yelwa za shi Wunti, ya toshe kunnuwa, ya kifa kai a waya yana buga wasan nan da ya haukata samari, wanda ake kama dodanni a yi kiwonsu a riƙa haɗa su faɗa. Ya iso wurin Sarkin Ƙwari, wani siririn mutum mai koren tabarau da ya tare hanya, ba mai wucewa gaba sai ya kayar da shi. Makamin sarkin na ƙarshe wani ƙaton buzuzu ne mai ƙaho, yana mirgino dunƙule kamar tayar tirela. Daidai lokacin da buzuzun waya ya bi ta kan dodon Ikrima, sai ga buzuzun Allah, na gaske, ya shigo keken ya faɗa masa ta wuyan riga.

Bai jira keke ya tsaya ba. Ya dire, ya tuɓe riga a tsakiyar titi, yana tsalle yana wayyo Inna, mata masu masa suna tafa masa. Godfrey abokin ɗakinsa da suke tare a keken, maimakon ya kawo ɗauki, sai ya ɗaga waya ya ɗauke komai. Da suka koma ɗaki aka yi sulhu: in Ikrima ya kayar da Sarkin Ƙwari kafin magaribar Juma'a, za a goge bidiyo. In ya kasa, duk 'yan ajinsu za su gani, sunan Buzuzu kuma ya bi shi har ranar aurensa.

To, dodannin Ikrima duk na ganye ne, ƙwaro kuwa ganye abincinsa ne. Maganin sarkin sai mai wuta, kuma mutum ɗaya ya sani da ke da wata zabuwa mai aman wuta: Ni'ima, 'yar Kawu Ja'afaru, yayan mahaifiyarsa. Taubasai ne. Ita 'yar namiji, shi ɗan mace, don haka tun suna yara take kiransa bawanta, shi kuma bai taɓa amsawa ba ko da wasa.

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci ya nufi gidansu a unguwar Jahun da ledar lemo. Ya tarar da ita a tsakar gida kan tabarma tana tsince shinkafa.

"...ya gida, ya aiki, ya ƙoƙari, 'yar Kawu? Kin ƙara haske fa."

"Tsaya. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Zumunci na zo."

"Kai da leda a hannu? Ruwa ba ya tsami banza. Zauna, amma duba tabarmar tukuna, kada wani abu ya shige maka riga. Gidan nan akwai matan aure."

Ashe labari ya riga shi zuwa, domin ɗaya daga cikin masu masar nan ƙawar mahaifiyarta ce. Ikrima ya gyara hula ya ce ƙarya ake masa, shi ceton fasinjoji ya yi. Buzuzun ya kai kunkuru girma, da bai fita da shi daga keken ba da yanzu ana zaman makoki. Ni'ima ta ce ita abin da ta ji, bai fi ƙwayar gurjiya ba, kuma shi ma buzuzun tsoro ya ji da ya ga haƙarƙari a fili kamar kejin tsuntsu, ya tashi yana neman tsari.

Ya ga hira ba za ta kai shi ba, sai ya fito fili. Ya ba ta labarin Godfrey da bidiyo da magariba, ya ce aron zabuwarta yake so.

"Zabuwata? Wadda na ƙyanƙyashe tun tana ƙwai, na ciyar da ita da datata? Me ya sami garken naka?"

"Suna nan lafiya."

"Alayyafo da latas. Ka kwashi kayan miya ka kai wa fara, ka ce ka je yaƙi."

"Ke dai ki taimaka. Ranar wanka ba a ɓoye cibi."

"Ai kai ka riga ka nuna wa duk Wunti naka."

Ta ce aro dai babu, ko kaza mai rai ba ta ba da aro balle mai wuta. Sayarwa ma babu. Kyauta kuwa tana yi, amma ta al'ada, wadda 'ya'yan namiji ke ba bayinsu. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta kamar ba ta ce komai ba.

Ikrima ya gane inda aka dosa. Ya dubi rana, ta fara karkata. Ya ce to, ta ba shi zabuwar a matsayin shararsa.

"Shara? Yau watan cika-ciki ne?"

"Alheri ba shi da wata."

"Shara bawa ake ba. Kai kuwa da babbar salla a gaban kowa ka ce kai ɗa ne, wai in ana neman bawa a duba wadda take daka. Ko ba kai ba ne?"

"Yarinta ce."

"Wata biyu da suka wuce?"

"Mutum yana girma da sauri in yana jami'a."

Ta miƙa hannu bayan turmi ta jawo tsintsiya ta ajiye a gabansa. Ta ce ba a cin ladan shara sai an yi shara, daga bakin rijiya zuwa zaure, har da ƙarƙashin akurki. Ikrima ya dubi farar shaddarsa ta Juma'a, ya tuna fuskar Godfrey, ya ce a ransa abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Ya naɗe hannun riga ya duƙa. Tana biye da shi tana nuna masa inda ya tsallake, tana cewa bayin yanzu ba su da albarka, a da irinsa ko a kan ƙwaryar gero ba za ta saya ba. Ya ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ta ce ya ƙara durƙusawa, wadan bai gani ba.

Mahaifiyarta ta leƙo daga kicin ta tambayi abin da ya sami ɗan Goggo. Ni'ima ta ce yana da magana, a saurare shi. Ikrima ya yi ƙunƙuni cikin haƙora. Ta ce ko tsintsiyar ba ta ji ba. Can masallacin unguwa aka kira la'asar. Ya miƙe, ƙura har gira, ya dubi sama.

"Ni bawan Ni'ima ne."

"Tun yaushe?"

"Tun haihuwa."

Uwar ta koma kicin tana dariya tana cewa ita ba ruwanta da shari'ar taubasai. Ni'ima ta ɗauko waya, ta daɗe tana danne-danne, sannan ta tura. Wayar Ikrima ta yi ƙara. Ga zabuwa ja wur, wuta na ci a jelarta, a saman kanta kuma an rubuta sunan da aka raɗa mata yanzu-yanzu: Uwargijiya Ni'ima. A wasan kuwa wanda aka ba kyauta ba ya iya canza suna.

"Duk nasarar da ka ci daga yau, sunana za ka gani a sama," in ji ta. "Kada ka manta gidanku."

Ikrima ya zauna kan turmi ya shiga wurin Sarkin Ƙwari. Sarki ya sako tsutsa, Ikrima ya ce a hankali, yadda za ta ji, "Uwargijiya, tsattsage ta." Zabuwa ta tsattsage. Aka sako kyankyaso, ya ce Uwargijiya ta daure ta haɗiye, ta haɗiye. Ni'ima ta ajiye faifai ta ce ya dawo mata da abarta, ya ce kyautar shara ba a karɓe ta, a tambayi Kawu. Da ƙaton buzuzun ya mirgino dunƙulensa, aman wuta biyu ya kife ƙafafu sama, tabaran sarki ya faɗi. Ikrima ya ɗauki hoton nasarar ya tura wa Godfrey, ya kakkaɓe shadda.

Ni'ima ta wurgo masa lemo ɗaya daga cikin ledarsa, dariya na cinta duk da tana ƙoƙarin ɗaure fuska. Ta ce ya yi godiya, ba don ita ba da yanzu sunansa ya canza.

Ya cafe lemon ya nufi zaure.

"Na gode, ranki ya daɗe. Ni sau ɗaya na yi miki shara. Ke kuwa daga yau kullum sai na aike ki cin ƙwaro, kuma ba ki da bakin cewa kin ƙoshi."