Baturan Malam Ƙyas

A duk layin nan, kai har da layin baya, babu mai ɗaukar hoto irin Malam Ƙyas. Shi da kansa ya faɗa, kuma wa ya fi shi sani? In ya rataya kyamara a wuya, tafiyarsa ma canzawa take yi, kamar zakaran da aka bar wa gida. Da wayoyi suka ƙwace masa kasuwa, bai ce kasuwa ta mutu ba. Cewa ya yi ya tafi hutu, sai duniya ta gane kurenta ta zo ban haƙuri.

Duniya ta yi nawa, hutu ya haura shekara. Amma gwani ba ya sakaci da kayan aiki. Batura biyu gare shi, kowanne da tsarinsa. Na farkon ya bar shi a kan caja, a soket ɗin bayan firji, ba cirewa.

"Batir soja ne," in ji shi, "ba a barinsa da yunwa."

Na biyun kuwa ya zuƙe shi tas, ya naɗe da auduga, ya jefa a gwangwani a bakin taga, inda rana ke dukansa.

"Wannan barci yake. Ba a kwanciya da cikakken ciki."

"To Maigida, wanne ne daidai a ciki?" in ji matarsa. "Ni dai na ji ana cewa rabin caji ake musu, a ajiye a inuwa, a riƙa leƙawa."

"Ana cewa! Su wa? Ke da ko murfin kyamara ba ki iya cirewa."

Ana nan sai Inna, mahaifiyarsa, ta tara 'ya'ya da jikoki. Autanta zai koma can nesa inda yake aiki, ba a san ranar dawowarsa ba, ita kuma jiki ya fara ƙi. Hoto ɗaya take so, kowa a ciki. Malam Ƙyas ya ga ranar da yake jira ta zo.

"Duk wanda ya ɗaga waya a nan," ya ce, "ni ya zaga."

Ya shiga ɗaki ya shirya. Soja ya kumbura kamar kuncin mai ciwon haƙori, ya ƙi shiga kyamara. Mai barcin ya shiga salin-alin, ya ci gaba da barcinsa. Gwani ya danna, ya girgiza, ya hura masa iska, har da lasa. Shiru.

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malam Ƙyas ya ɓoye nasa. Ya fito da ƙasaita, ya jera dogaye a baya, ya gyara wa Inna mayafi, ya durƙusa, ya rufe ido ɗaya, ya danna, ya bi da tari.

"Yaya, ba mu ji ƙyas ba," in ji ƙanwarsa.

"Manyan kyamarori ba sa surutu."

"To mu gani mana!"

"Aikin ƙwararru ba a ganinsa ɗanye."

Aka watse ana sa masa albarka. Auta ya tafi.

Inna ta aika aka sayo mata firam babba, aka buga ƙusa, ta rataye shi a falo yana jiran hoto. Duk lokacin da ya zo gaisuwa sai ta tambayi hoton. Yau yana wajen wanki, gobe mai wankin ya yi tafiya, jibi launin bai gama zama ba.

Rannan ya zo ya tarar tana goge gilashin firam ɗin da gefen mayafinta. Ya gyara murya zai soma bayani, ta ɗaga masa hannu.

"Bar shi, ɗan nan, kada ka wahalar da kanka. Ai na riga na saba da shi haka. Ban sami na 'yan'uwanka ba, amma naka ya fito sak: waje sai ƙyalli, ciki ba kowa."