Ɓarawon da ke Kawo Hatsi

Shekarar da na shiga ƙungiyar agaji ta masallacin unguwarmu, ba wanda ya kai ni ɗaga murya kan sirrin sadaka. Kullum ina faɗin kada a kunyata mabuƙaci gaban maƙwabta, har liman ya gaji ya ce, "To, Malam, kai za ka kai wa Inna Hajo buhun hatsinta." Tsohuwa ce da mijinta ya rasu, ba ta taɓa roƙon kowa ba.

Na tsara aikin kamar jandarma zai kai samame. Na ari rawani wurin wani abokina Buzu, na naɗe fuska sai idanu. Na jira tsakar rana, lokacin da zafi ya kwantar da kowa. Ƙofa kuwa, na ce ta masu riya ce. Na zaga baya, na kama katanga da buhu a kafaɗa.

Ina bisa katangar akuya ta fasa kuka. Maƙwabciya ta leƙo, ta kurma ihu, "Ɓarawo!" Kafin in sauko, rabin unguwa ta taru da sanduna da taɓare. Wani ya fizge rawanin. Sai ga fuskata a fili.

Inna Hajo ta dube ni, ta dubi buhun. "Ɗan nan, ƙofata fa ko ƙyaure babu."

Har yau, wanda duk rumbunsa ya yi ƙasa sai ya tare ni a kasuwa: "Malam, katangarmu gajera ce. Yaushe za ka zo mana sata?"