Kuɗin Sallamar Malam da Kamfanin Malt

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Alhamis ɗin nan ba, ranar da na share falo, na turara shi, na tara matan Islamiyyarmu har da Malama, don su zo su ga kamfanina a talabijin. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, ba wanda ya tona mini asiri. Ni da ƙafata na bi su gida-gida na gayyato su.

Bari in faro daga tushe. Maigidana, wanda duk layinmu a Ali Kazaure ake kira Malam, ya yi shekara talatin da 'yan kai yana riƙe da sito a wani kamfanin kayan gini a nan Jos. Ko ƙusa ɗaya ba ta taɓa biyo shi gida ba. (Sau ɗaya biron ofis ya kwana a aljihunsa. Da sassafe ya mayar, har da ba da haƙuri.) Ya yi ritaya, aka ba shi kuɗin sallama, ba a jima ba korona ta shigo, aka kulle gari.

Niyyarsa a da ita ce ya sayi keke napep biyu ya ba da haya, mu riƙa cin abinci da su. To ga kekunan mutane ma a jere a ƙofar gidaje, ba fita. A banki suka ce ya ajiye kuɗin wurinsu, duk wata su ɗora masa wani abu. Ya dawo gida ransa a ɓace.

"Shekara talatin ban ci haram ba," in ji shi, "sai da furfura ta gama fito mini zan koyi cin kuɗin ruwa?"

Sai kuɗi suka zauna, farashin mudu kuwa bai zauna ba. Ina lura da shi. Ya daina sa madara a shayinsa, wai ta gundure shi. Mutumin da ya shekara talatin yana shan shayi fari ƙal. A madafa sai da na share hawaye.

Wata rana ina tankaɗen gari na ji wani malami a rediyo yana bayanin hannun jari. Ya ce ba kuɗin ruwa ba ne, tarayya ce: ka sayi wani ɗan yanki na kamfani, in an ci riba da kai, in an faɗi da kai, muddin sana'ar kamfanin halal ce. Wannan "muddin" ɗin da kunnena na ji shi. Riƙe shi ne ban yi ba. Abin da na riƙe shi ne inda ya ce annoba ta karya farashin hannayen jari, komai ya yi araha.

Ni kuma Allah ya yi ni da sa ido. A ranakun da ake ɗan buɗe gari a yi cefane, ina tsaye a layin shago ina kallon ledojin mutane. Mai kuɗi da talaka, Musulmi da Kirista, kusan kowa zai fito da malt da gwangwanin madara. Mai jego, malt. Mara lafiya, malt. Wanda ya yi atishawa sau biyu ya tsorata, malt da madara, wai ƙarin jini. An hana biki, an hana taron suna, amma ba a daina shan malt ba. Na ce a raina, ke, ga kasuwa tana kiranki.

Na buga wa Ladi waya. Ladi 'yar ajinmu ce a sakandare, benci ɗaya muka zauna, yanzu tana aiki a ofishin dillalan hannun jari. Na faɗa mata irin malt ɗin da nake saye, na ce kamfanin da ke yin sa nake so.

Ta ce, "Ƙawata, ka tabbata?" (Ladi kowa "ka" take ce masa, tun muna yara.) "Wannan kamfani fa ba malt kawai..."

"Na sani, na sani. Shekara ashirin ina sayen kayansu."

"Amma oga ya yarda? Domin su ne suna yin..."

"Ladi, katina zai ƙare. Ke dai ki saya."

"To. Kuɗinka ne."

Ba kuɗina ba ne. Rabin kuɗin sallamar Malam ne. Da na kai masa maganar, tambaya biyu kawai ya yi mini. "Me suke sayarwa?" Na ce abin sha, irin wanda muke ba baƙi. "Kin bincika?" Na ce na bincika. (Binciken nawa shi ne tsayuwa a layin shago.) Shi mai ciwon suga ne, rabonsa da riƙe kwalbar lemo ya manta, don haka bai ƙara tambaya ba. Ya ce, "Na ba ki amana, Maman Safiya." Sunan kamfanin kuwa a wayata harufa uku ne kacal yake zuwa. Ƙananan rubutun jikin kwalba sai da tabarau, tabarau ɗin da asibiti suka ba ni kuma yana can ƙasan durowa, don na ga yana tsufar da ni.

Jama'a, abu ya tashi. Duk saƙon da Ladi ta turo, farashi ya ƙara hawa. Nan kaina ya fara girma. Na daina cewa "malt", na koma cewa "kayanmu". Da aka sassauta doka aka koma suna da walima, in na ga an buɗe kiret, sai in ji kamar gonata ce ta yi kyau. Da rabon riba na farko ya shigo, na cika wa Malam kabad da madara, sannan na sayi butoci dozin guda na kai Islamiyya don godiya ga Allah. Malama ta tsayar da karatu, ta sa aka yi mini addu'a. Na yi kuka a cikin hijabi, kukan daɗi.

Daga nan mata suka fara tambaya. Ni kuwa na zama mai ba da fatawar kasuwa. Har Malama ta ja ni gefe ta ce tana da ɗan abin da take tarawa na Hajji, tunda an dakatar da tafiya, ko za ta sa shi a kamfanin namu kafin a buɗe hanya? Na ce, "Malama, ki bari ki gani da idonki tukuna." Domin Ladi ta turo saƙo cewa saboda korona ba za a taru a Legas ba, taron masu hannun jari na shekara ta intanet za a nuna shi, kowa ya kalla daga gida.

Ranar, Malam ya haɗa tsohuwar kwamfutarsa da talabijin, ya fita ƙofar gida wajen abokinsa tela don ya ba mata wuri. Mu takwas ne a falo, kowa da takunkumi a ƙarƙashin haɓa. Na jera malt a faranti na ce, "Bismillah, ku sha, namu ne."

Hajiya Talle, maƙwabciyata, wadda bakinta ba ya ajiya, ta juya kwalbar tana dubawa. "Wannan ne kamfanin naki? Maman Safiya, ai waɗannan..."

"Hajiya, an fara, an fara."

Shugaban kamfani ya bayyana cikin kwat, fes da shi. A bayansa an jera kwalabe bango guda: kore, ruwan ƙasa, baƙaƙe, dogaye da gajeru. Na shiga neman malt ɗina. Sai can ƙasa a kusurwa na hango shi, ya rakuɓe kamar ɗan uwa talaka a hoton biki. Na ce wa kaina sauran ma lemo ne, wanda bai iso Jos ba tukuna.

Ni ce tafinta, tunda ni ce mai Turanci. Da farko lafiya lau. Na ce yana gaishe mu, suka amsa. Na ce yana jajen waɗanda annoba ta ɗauke, suka ce Allah ya kyauta. Sai ya gyara tsayuwa ya yi murmushi, aka sako hoton bidiyo: samari da 'yan mata a wani wuri mai jajayen fitilu, suna gwara manyan kofuna, kumfa na zubowa ta gefe. Ya faɗi wata kalma da ba na bukatar tabarau kafin in gane ta. Ya sake faɗa. Ya kuma sakewa.

Kunnuwana suka yi dum. A Jos, da safe, ni ina zufa.

"Me ya ce?" in ji Malama, malt a hannunta, ta sha rabi. "Na ga yana ta murna. Fassara mana mu taya shi."

Wallahi na yi tunanin in ce intanet ce ta tsinke muryar. Amma matar nan ita ta koya mini hukuncin ƙarya, ga ta tana kallona da amana. Na buɗe baki na fassara.

"Ya ce shekarar ta yi musu wuya, saboda an rufe mashaya."

Na ci gaba.

"Ya ce yanzu an buɗe. Ya ce giya tana tafiya sosai." Na sunkuyar da kai. "Ya ce yana gode mana."

Malama ta ajiye kwalbar a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Wata ta zaro hankici tana goge harshenta. Wata ta ja takunkuminta ta rufe baki da hanci, karon farko tun zuwanta.

"Ku sha abinku, malt ba ya bugarwa," in ji Hajiya Talle. "Abin da nake son gaya mata ke nan ta katse ni. Gida ɗaya suke fitowa. Waccan koriyar giya ce, baƙar can ta fi ta ƙarfi, doguwar kuma..."

"Ke Hajiya, a ina kika san su haka dalla-dalla?" in ji wata.

"Mijina direban tirela ne! Shekara nawa yana ƙin ɗaukar lodinsu, ashe ga mai kamfanin a jikin katangarmu."

Na zabura in kashe abin. Ban san kan kwamfutar ba, na danna wani wuri, murya ta ƙaru. Na fizge wayar talabijin daga bango, hoton ya ɗauke, amma mutumin ya ci gaba da godiya daga cikin kwamfuta. Ƙarshe filon kujera na ɗauka na danne shi da shi.

Sai Malama ta ce, a hankali, "Maman Safiya. Butocin nan."

"Da ribar na saye su, Malama."

Mata bakwai, kowacce ta kalli hannuwanta. Watanni huɗu ke nan suna alwala da butocin. Malama, Allah ya saka mata da alheri, ta ce alwalarsu ta yi, ruwan ai mai tsarki ne, kuma wanda bai sani ba daban yake da wanda ya sani. Amma jakar da ta shigo da ita, wadda na san abin da ke ciki, na ga ta ƙara matse ta a hammata.

Duk wannan kunya ce kawai. Tsoron yana ƙofar gida yana hira da tela.

Da suka watse Malam ya shigo da fara'arsa yana cewa, "Yaya taron manya?" Na durƙusa. Na faɗa masa komai, har da katse Ladi da na yi. Ya zauna. Ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar.

"Madarar shayin ma?"

"Ita ma."

"Shekara talatin..." Bai ƙarasa ba. Da ma ya yi mini faɗa, da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka har da shessheƙa, ina cewa na ɓata masa guminsa. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce, "Tashi. Ni ma da na tambaya, ban tambayi sunan ba. Kira Ladi."

Ladi na ɗauka ta ce, "Ai na so in gaya maka, ka ce katinka zai ƙare! Ni har na ce ko kun waye ne."

Aka sayar. Malam ya je wajen limaminmu ya tambayo hukunci: uwar kuɗi tamu ce, duk abin da ya hau kai a fitar da shi, a yi wa jama'a aiki, ba da niyyar neman lada ba. Abin da ya hau ɗin kuwa ba kaɗan ba ne, na kalle shi yana fita kamar ana zare mini haƙori. Da shi aka gyara kwalbatin layinmu da ke cika duk damina, aka yi wa banɗakin Islamiyya sabuwar ƙofa. Butocina goma sha biyu aka sauke su daga wajen alwala, aka mayar da su bakin banɗakin. Duk ranar karatu sai na wuce su.

Uwar kuɗin ta dawo cif, sai dai kafin lokacin kaya sun yi tsada. Keke biyun da Malam ya yi mafarki, ɗaya aka samu, shi ma na hannu. Ranar da aka kawo shi ya zagaya shi, ya daddaɓa rufin, ya ce, "Ɗaya ne, amma zan iya cin tuwonsa in yi barci." Ban san lokacin da na koma madafa ba.

Yanzu Hajiya Talle ba ta kirana da komai sai Darakta. Kwalbatin ma masu keke "kwalbatin Darakta" suke ce masa in suna kwatance, ba su san dalili ba, ni kuma ba zan zauna in yi musu bayani ba. Tabarau yana rataye a wuyana ko'ina na je, ya tsufar da ni ɗin, na yarda. Kuma duk wanda ya fara ce mini "amma", ko da tukunya ce ke ƙonewa, sauke ta nake yi in zauna ya ƙarasa. Ladi kuwa in na kira ta, sai na sa katin dubu tukuna.