Takalmin Ango da Tiyon Birkin Gimbiya

"Lafiya lau muka iso, sai dai ban ga mai gidan ba, ƙafafu biyu kawai nake gani. Yaya Ango, kai ne a ƙarƙashin nan, ko wani ne ya cika aka rasa inda za a ajiye shi?"

Basharat ya ji muryar ya runtse ido. Yana kwance rigingine a ƙarƙashin Gimbiya, tsohuwar ƙaramar bas ɗinsa da ta girmi duk 'ya'yansa, a tsakar gidansu da ke birnin Rawalpindi a yankin Punjab. Mai maganar Nagina ce, ƙanwar matarsa Shamim. Tun ranar ɗaurin aurensa take kiran sa Ango, ga shi yau furfura ta cinye masa gemu ba ta sauya ba.

Ranar Lahadi za a kai 'yarsa Mehwish gidan miji a can saman tsaunukan Murree, ita kuwa ta dage ba za ta bar gidan ubanta ba sai a motar da ta kawo uwarta. Matsalar birki ce. Bututun ƙarfen duk bakanike ya lanƙwasa masa sababbi, amma tiyon roba na ƙafafun gaba, masu noti irin na da, sun gagara. A kasuwar kayan mota ba mai tambayar ka sunan mota irin wannan, sai dai a ce kawo tsohon mu gani. Tsoho ɗaya tak da bai ragargaje ba kuwa ya ɓace daga kan tabarmar da ya jera notuna bi da bi, kowanne inda ya dace. Shamim ta riga ta yanke hukunci: in Lahadi ta zo Gimbiya ba birki, ranar Litinin 'yan gwangwan za su zo su ja ta.

Ya jawo jiki ya fito, baƙin mai har goshi.

"Sannu da zuwa, ɓarauniyar takalmi. An gama sace na masallacin unguwarku ne kika tsallako tamu?"

"Na zo gaida mara lafiya. Kaka, ya jiki?" Ta shafa gefen motar. "Wayyo, har yanzu tana numfashi."

"Cire hannunki, kada ki shafa mata tsufa."

"Ni zan shafa mata? Motar da aka ce ita ta kai kakanmu yaye?"

"Motar nan in ta tashi, jirgin ƙasa ma tsayawa yake ya ba ta hanya."

"Dole ya tsaya mana, ya san ita ba ta iya tsayawa."

Basharat ya goge hannu da tsumma ya zauna a kan taya. Nagina ta ja kujera, ta ɗora wata jakar leda a cinya ta riƙe ta gam. Ya lura da riƙon, amma ya yi kamar bai gani ba.

"Na ji an ce ka zagaye kasuwa kaf kana kwatanta tiyo da hannu," in ji ta. "Wai ka ce wa wani mai shago tsawonsa kamar daga gwiwar hannu zuwa nan, kaurinsa kamar ɗan yatsan matarka."

"Ƙarya ne. Babban yatsa na ce."

"Wai sai ya miƙo maka tiyon shisha."

"Wannan ya faru, amma ba da ni ba."

"To ina tsohon? Kai da ko ƙusa ba ta ɓace maka?"

"Kyanwa nake zargi. Ko yayarki. Dangin nan naku ba a barin abu a ƙasa in suna kusa. Ke kanki shaida ce. Ranar aurena na cire takalmi zan zauna, kafin in ƙifta ido babu ƙafar dama."

"Al'ada ce! Kowane ango ƙannen amarya na ɓoye masa takalma, ya lallashe su da kyauta su mayar masa. Kai kaɗai ne a tarihin Punjab ka danne ƙafa ɗaya a ƙarƙashin cinya, ɗayar kuma da aka ɗauka ka ce a riƙe, ka yafe."

"Na kuma tuƙa amaryata gida da ƙafa tsirara. Ban taɓa jin daɗin taka birki kamar ranar ba."

"Yaya ta ce sai da kuka wuce ƙofar gida kuka shiga lambun maƙwabci."

"Furanni na je tsinko mata."

Nagina ta tuntsire da dariya har mayafinta ya zame. Da ta nutsu, sai ta zura hannu cikin ledar a hankali, ta zaro wani takalmin ango mai lanƙwasasshen baki, zaren zinariyarsa ya dushe. Ƙafar dama. A cikinsa an naɗe wani baƙin abu kamar maciji, bakinsa na ƙarfe yana ƙyalli.

Basharat ya miƙe tsaye bai sani ba.

"Wannan... a ina?"

"Peshawar. Da na je sayen yadin biki na tafi da tsohon tiyonka a jakata. Na shiga layin masu kayan mota da takalmina mai tsini, shago shago, har wani dattijo ya hau tsani ya zaro shi daga bayan kwalaye."

"Ashe ke ce kyanwar! Na kusa haukacewa a gidan nan. Har ƙarƙashin tukunyar shinkafa na duba."

"Da na tambaye ka za ka ba ni? Cewa za ka yi mata ba su san noti ba."

Ya karɓa, ya kai bakin notin kusa da ido, ya durƙusa ya gwada a bututun. Ya shige sumul kamar tare aka haife su. Ya ɗago yana murmushi, sai murmushin ya tsaya a rabi.

"Nagina. Ƙafafun gaba biyu ne."

"Haka na ji."

"Tiyo ɗaya kika ba ni."

"Kai ka koya mini ɗaya-ɗaya, Yaya Ango." Ta daɗa ƙanƙame ledar.

"Ƙanwata ta kaina. Hasken gidan surukaina."

"Ɗazu ɓarauniya ce."

"Ɓarauniya mai albarka. Zan aika a sayo miki alkakin jalebi mai zafi, tire guda, zuma na ɗiga."

"Likita ya hana ni zaƙi."

"Yadi fa? Na siliki?"

"Daga Peshawar na dawo, ka manta? Gaba nake so. Tun ina yarinya kake cusa ni can baya tsakanin katifa da buhun gari. Ranar Lahadi kujerar gaba tawa ce, daga ƙofar nan har Murree, taga a buɗe, kowa ya gan ni."

"Wannan kujerar yayarki ce!"

"Wadda ta kira 'yan gwangwan?"

Basharat ya dubi ƙofar kicin, inda ƙarar cokali ta ɗauke tun ɗazu. Ya dubi Gimbiya. Sai ya fashe da dariya, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Kin ci. Gaba taki ce. Ba ma sai Lahadi ba, yanzu za ki hau, kujerar direba ma. In na ɗaura su dole a fitar da iska, ina ƙasa ina kwance noti wani yana sama yana taka mini birki."

Ta miƙa masa na biyun. Bayan la'asar ya gama ɗaurawa ya zuba mai, Nagina ta haye tana gyara zama kamar matar gwamna. Takalminta mai tsini ya dinga zamewa a kan fedar da shekaru suka goge ta sulɓi, sai ta cire shi ta zura ƙafa cikin na angon.

"Taka!" ya ƙwala daga ƙasa.

"Ka ce don Allah."

"Don Allah taka! Riƙe! Saki!"

Suka yi ta yi, yana ihu tana tsiya, har ta ce fedar ta yi tauri, ta ƙi sauka. Basharat ya fito ya zura hannu ya danna da kansa. Mehwish ta leƙo ta taga da lalle a hannu tana tambaya ko birki ya kama. Ya gyaɗa mata kai.

"To sauko," ya ce da Nagina, "ki ba ni takalmina. Ɗayan yana nan cikin akwati, duk shekara sai na goge shi."

Nagina ta dubi ƙafarta, ta jujjuya ta.

"Kujera kuɗin tiyo ce, Yaya Ango. Takalmi ba mu fara ciniki ba tukuna."