Rasuwar Kujerar Malam a Gidan Hajiya Basira

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan tsoro wanda ba ta ɓoye ba, Hajiya Basira ta Bodinga ke sanar da rasuwar kujerar mijinta, ranar Alhamis da la'asar, tana da shekara sittin da ɗaya a duniya.

Kafinta Mode na Shagari ne ya sassaƙa marigayiyar da itacen maɗaci, daga hoton wata mujalla da wani Bature ya yar. Ko ƙusa ɗaya babu a jikinta. Bayanta a lanƙwashe, mazauninta saƙar igiya, ƙafafunta sirara kamar na zalɓe. Masu albasa sun yi mata dariya a kasuwa, wai ba za ta kai damina ba. Duk ta riga ta raka su kushewa.

Mai haƙuri ce, ba ta da surutu. Magana ɗaya aka sani daga bakinta: “ƙiiiƙ”, in Malam ya dawo daga sallar la'asar ya jingina.

Hajiya ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, ba ta kuma taɓa zama a kujerarsa ba. Kunya ke nan irin ta mutanen da. Malam ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, amma kujera ba ta fasa ba. Kullum la'asar, zaure ba kowa, sai “ƙiiiƙ”. 'Ya'ya suka ce zafi ne ke motsa katako. Hajiya dai sai ta gyara mayafi, ta ɗora ruwan shayi.

Gara ta jima tana cin marigayiyar ta ciki, ba wanda ya lura. Ranar Alhamis kewa ta ci ƙarfin kunya. Hajiya ta shiga zaure ta zauna, don ta ji inda bayan Malam ya goge itacen. Ƙas! Shi ke nan. Wayyo, tun daga ranar, zauren nan shiru yake.

Marigayiyar ta bar teburi ɗaya gurgu, da rediyo bebe, da sawu huɗu a daɓen zaure.

Ba za a sa ta a murhu ba. Za a binne ta gobe ƙarƙashin darbejiyar bayan gida. Masu ta'aziyya su taho da tabarminsu, kada kowa ya taka sawun. In an idar da la'asar kuma, Hajiya na roƙon arziki kowa ya yi shiru, ko tari kada a yi. Tana saurare.