Katin da ya kai ni kwamiti

Da ƙafata na je ofishin Mai Girma Mu-Gani-Gobe, sanye da rigata ta fita kunya, don in faɗa masa kwatar bayan gidanmu ta toshe, ruwa yana cin gindin bangon ɗakin Innata. Tsagar da ke bangon nan har hannu yana shiga, ga damina ta kankama. Sakatariyarsa ba ta ko ɗago kai daga wayarta ba.

"Kawo katinka a shigar."

Na miƙa mata katin shaida. Ta ture shi da farce. Ashe ƙaramin katin nan take nufi, mai suna da muƙami, wanda manya ke zarowa daga aljihu da yatsu biyu. Na ce ni mai gyaran fanka ne, kowa ya san rumfata. Ta ce Mai Girma ba ya ganin mutane, kati yake gani, sannan ya zaɓi wanda zai zama mutum.

Na wuce wurin mai buga kati na bakin kasuwa. Na ce ya rubuta sunana, a ƙasa ya sa "Gyaran Fanka", in da wuri ya zana 'yar fanka a gefe, don ina son kati ya yi kama da ni.

"Maigida, in ya yi kama da kai ai a kwandon shara zai kwana," in ji shi.

Ya jawo mini samfurin na manya. Akwai wanda sai an ninke shi kamar takardar magani, saboda muƙaman sun ƙi shiga fuska ɗaya: Babban Mataimaki na Musamman ga Mai Ba da Shawara na Musamman kan Harkokin Musamman. Allah ya ƙara wa wannan bawa lafiya, ɗaukar sunan kaɗai aiki ne. Na nemi wurin da aka rubuta abin da yake yi, mai buga kati ya ce ba a taɓa kawo masa wannan layin ba.

Ya cire fankata, ya sa zanen duniya da ruwan zinare. Na fito daga shagon a matsayin Shugaban Gamayyar Masu Ruwa da Tsaki kan Magudanan Ruwa. Da na nuna wa maƙwabcina tela, ya tambaya su waye 'yan gamayyar. Na ce ni da shi. Ya ce to shi a ba shi ma'aji.

Ku zo ku ga aiki. Da na koma ofishin da sabon katin, sakatariyar da ta ture ni da farce ita ta buɗe mini ƙofa. Mai Girma ya rungume ni, ya ce ya daɗe yana jin labarin gwagwarmayata. Kafin in buɗe baki a kan bango, ya naɗa ni mamba a kwamitin nazarin ambaliya. Wallahi na ji daɗi, har na ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, ɗanta ya shiga ciki.

Mun zauna a otal mai sanyi. An raba jaka da biro da hula. An kafa ƙaramin kwamiti da zai zaɓi launin katin 'yan kwamiti, aka yi ta muhawara tsakanin shuɗi da ruwan toka har hadari ya haɗu a waje. Nan na ɗaga hannu na kawo maganar kwatarmu.

Shugaban taro ya tambaya cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, kwatar nan ta shafi gidanka?"

Na ce ƙwarai, ɗakin mahaifiyata ne.

"To ai doka ta hana mamba kawo abin da yake da muradi a ciki. Sai dai wani talaka daga unguwar ya kawo kuka."

Aka yaba da tsantsenin kwamiti, aka tafa. Ni ma na tafa, don kowa yana kallona.

Bangon ya faɗi da la'asar, ruwa na tsaka da zuba. Allah ya kiyaye, Inna tana madafa. Na tarar da ita zaune kan buhun kayanta a ɗakina, ta ce, "Sannu da aiki, Shugaba." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na roƙi tela ya je ya kai kukan a matsayin talaka. Ya ce ya makara, nasa katin na ma'aji ya fito tun shekaranjiya.