Furen da Na Raina a Gindin Gero

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da na zama manomiya, ni da aka haifa a Dakata, ban san komai game da gero ba sai a kwano.

A Sharaɗa muke haya, maigidan yana aiki a kamfanin robobi. Bayan ɗakinmu akwai ɗan fili, bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, nan yake shuka gero duk shekara. Ba don ci ba. Irin mahaifinsa ne marigayi, daga ƙauyensu can Jigawa, a wajensa kaɗai ya rage. Yakan ce in ya tsallake damina biyu irin ya mutu.

To ni kuma Allah ya ɗora mini son fure. Ana kaka muka je suna Zawaciki, na hango wasu 'yan furanni a bakin wata gonar dawa, ja-ja masu ratsin shuɗi, tsaye cas kamar an jera su da hannu. Na tsinko waɗanda suka bushe na ƙulle a bakin mayafi. Irin kamar garin kwalli yake. Na zuba a tsohon bokitin fenti, na sa taki, ina ban ruwa safe da yamma (har hira nake yi masa, tunda ba mai jin mu). Shiru, ko tsinke.

Sai na yi tunani irin nawa: a cikin dawa na gan shi, ashe ɗan zumunci ne, ba ya son kaɗaici. Ruwa na sauka na barbaɗa sauran irin furen a gindin geron maigidan. Lokacin an laƙa musu obataya a kamfani, wato ƙarin awannin aiki, duhu na fitarsa duhu na dawowarsa, ya bar mini amanar cire ciyawa. Na cire kuwa, tas. Furena kawai na bari.

Ya fito gwanin sha'awa. Geron dai ya tsugune, ganyensa ya yi ɗorawa, na ce hayaƙin kamfani ne.

Ana haka Inna, mahaifiyar maigidan, ta zo ganin likitan ido. Da ta huta, ni da ko haɗa ido ba na yi da ita, zumuɗi ya ja ni.

“Inna, ku zo ku ga abin da na shuka.”

Ta tsaya a bakin filin ta daɗe. Na ɗauka kyan ne ya tsayar da ita.

“'Yar nan, shukawa kika ce?”

“Da hannuna, Inna. Daga Zawaciki na ɗauko irin.”

“Ikon Allah. Mu muna can muna tugewa muna ƙonawa tun muna yara, ashe a birni har taki ake ba shi.” Ta sunkuya ta tuge ɗaya, ta nuna mini saiwarsa manne da ta geron. “Ƙuduji ke nan. A ƙasa yake tsotse hatsi, sai ya gama ɓarna yake fitowa ya yi kwalliya.”

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Maigidan da ya dawo bai yi faɗa ba, ya tsuguna yana shafa karan nan. Wallahi gara ya zage ni.

'Yan zangarniyoyi kaɗan suka tsira, can jikin katanga inda hannuna bai kai ba. Su ne Inna ta ƙulle a zaninta ta koma da su ƙauye. “Can ya fi masa kwanciyar hankali,” in ji ta, ba ta ko kalle ni ba. Irin yana nan da rai, alhamdulillahi. Ni kuma har yau in na je gaisuwa, “Sannu da zuwa, mai fure” ake ce mini.

Filin namu yanzu kuɓewa ce. Furen har gobe yana burge ni, ba zan yi ƙarya ba. Amma na koyi abu ɗaya: duk abin da ya ƙi tsirowa a bokitinsa, sai a gefen abincin wani, kafin ki yaba kyansa ki tona ki ga a jikin wa yake ci.